Iyakar Ikon Ɗan Haya a Kan Sabar

A kan galibin sabobin da ake ba masu shafukan intanet hayar wuri, akwai fayil guda mai suna php.ini, wanda a cikinsa aka rubuta dokokin da harshen PHP zai bi wajen gudanar da aiki. A nan aka ƙayyade girman fayil ɗin da baƙo zai iya ɗorawa, wanda asalinsa megabait 2 ne, da yawan ƙwaƙwalwar da shiri ɗaya zai ci, megabait 128, da tsawon lokacin da za a bar shi yana aiki kafin a katse shi, daƙiƙa 30. Mai kula da sabar kaɗai ke da ikon taɓa wannan fayil. To amma na'urar da yake kula da ita ba shafi ɗaya take ɗauke da shi ba. Tana iya ɗaukar ɗaruruwa, na makaranta da na jarida da na masallaci da na mai sayar da atamfa, kowanne a cikin foldarsa, kowanne da irin buƙatarsa. Daga nan wata tambaya take tasowa, wadda ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba: idan doka ɗaya ta hau kan mutane da yawa waɗanda halinsu ya sha bamban, shin na ƙasa yana da haƙƙin ya gyara ta a nasa ɓangaren? In yana da shi, a ina haƙƙin ya tsaya? Abin da nake gani shi ne, ikon gyara saiti a folda haƙƙin mai shafi ne, ba alfarma ce ake yi masa ba, kuma iyakarsa tana daidai wurin da cutarwar kuskurensa ta fara sauka a kan wanda ba shi ya yi zaɓin ba. Wanda ya shata iyakar kuma, wajibi ne ya sanar da ita.

Hanyoyin da aka tanada ba su da yawa. Tsohuwar cikinsu ita ce fayil ɗin .htaccess, wanda manhajar Apache ta gada daga sabar NCSA lokacin da aka fara ta a 1995, shekarar da Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP ga jama'a. Idan PHP yana aiki a matsayin ɓangare na Apache, mai shafi yana iya ajiye wannan fayil a foldarsa ya rubuta layi kamar php_value upload_max_filesize 20M, nan take dokar megabait 2 ta koma 20 a wannan folda da duk ƙananan foldojin da ke cikinta, alhali maƙwabcinsa yana nan a kan 2. Idan kuwa PHP yana gudana a gefe ta hanyar FastCGI, wannan layi ba ya aiki, shi ya sa da aka fitar da PHP 5.3 a 2009 aka zo da fayil ɗin .user.ini. PHP yana neman sa tun daga foldar da shirin yake, yana hawa sama har zuwa tushen shafin, kuma yana riƙe abin da ya karanta na daƙiƙa 300 kafin ya sake dubawa, wanda shi ke sa mai gaggawa ya zaci gyaransa bai kama ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masu gina harshen suka kasa saitunan gida huɗu. Akwai waɗanda ake iya sauyawa daga ko'ina, akwai na cikin shirin mai amfani, akwai na matakin folda, akwai kuma waɗanda ba a taɓa su sai a babban fayil na sabar. Wannan rabo hukunci ne a kan wanda ya cancanci yanke shawara a kowace mas'ala, ko da waɗanda suka yi shi ba su kira shi da wannan suna ba.

Dalilin da ya sa na kira shi haƙƙi shi ne sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗauki saitin date.timezone. Idan ba a saita shi ba, PHP yana komawa kan lokacin UTC, wanda yake bayan agogon Kano da Damagaram da awa ɗaya. Shafin masallacin da ke nuna wa jama'a lokutan salla, in ya dogara da agogon sabar ba tare da gyara ba, zai iya nuna musu lokaci da kuskuren awa guda, a watan azumi kuwa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mai kula da sabar da ke zaune a Jamus ko Amurka ba zai iya warware wannan da doka ɗaya ba, domin a kan na'urar tasa akwai shafin wani a Kumasi da ke kan UTC daidai, da na wani a Khartoum da ke gaba da awa biyu. Layi ɗaya a folda, date.timezone = Africa/Lagos, ya raba gardama. Haka batun haruffa. Kafin PHP 5.6 ya mai da UTF-8 asalin tsarin haruffa a 2014, mai rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ yakan buƙaci ya saita default_charset da kansa, in ba haka ba haruffan lanƙwasa su iya fitowa a gurɓace. Haka makarantar da ɗalibai ke ɗora mata hoton takardar shaida daga waya, inda hoto ɗaya ya kan wuce megabait 2 cikin sauƙi. A duk waɗannan, ilimin abin da ya dace yana wurin na ƙasa, kuma babu yadda za a yi na sama ya tattara shi duka, komai kyawun niyyarsa.

Masana sun daɗe da ganin wannan. Aristotle, a kashi na biyar na littafinsa kan ɗabi'a, ya nuna cewa doka tana magana ne a dunƙule, don haka dole a sami wuraren da za ta kuskure, ba don mai dokar ya gaza ba sai don haka al'amuran mutane suke. A wajenmu kuma an ruwaito cewa halifa Abu Ja'afar al-Mansur ya so ya ɗora wa dukan garuruwan Musulmi bin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya hana shi, bisa hujjar cewa sahabbai sun warwatsu a ƙasashe kuma kowace al'umma ta riƙe abin da ya iso mata. Mutumin da aka yi wa tayin a mai da littafinsa doka ɗaya tilo, shi da kansa ya ƙi. Bayansa da ƙarnuka, al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Misra da ya rasu a 1285, ya gargaɗi mai fatawa da kada ya ɗora al'adar garinsa a kan baƙon da ya zo masa da tambaya, sai ya fara binciken al'adar garin mai tambayar. Ba ina cewa saitin kwamfuta hukuncin shari'a ba ne, kuma ba ƙiyasi nake yi ba. Abin da nake ɗauka daga wurin waɗannan malamai shi ne fahimtarsu cewa daidaita kowa a kan ma'auni ɗaya ba kullum yake zama adalci ba, wani lokaci kasala ce ta mai iko da ba ya son wahalar sauraro.

Sai dai malaman da suka ba al'ada wannan matsayi ba su taɓa cewa tana halatta cutar da wani ba, kuma a nan ne tsarin PHP ya fi burge ni. Saitin disable_functions, wanda ake rufe umarnai masu haɗari da shi, irin waɗanda ke ba shiri damar ba na'urar umarni kai tsaye, ba a sauya shi daga folda. Haka allow_url_include, wanda zai bar shiri ya jawo lambobin aiki daga wata sabar ya gudanar da su. Ban da wannan, mai kula da sabar yana da umarnin php_admin_value, wanda duk abin da ya ɗaure da shi, babu .htaccess ko shirin da zai kwance. Mafi kyawun misali shi ne open_basedir, katangar da ke hana shiri leƙa fayilolin da ke wajen yankinsa. Tun daga PHP 5.3 an yarda shiri ya taɓa wannan saiti yana cikin aiki, amma ta fuska ɗaya kawai: yana iya ƙuntata wa kansa, ba ya iya faɗaɗawa. Akwai hikima mai zurfi a wannan. Wanda ya tsananta wa kansa bai ɗauki komai daga hannun kowa ba, don haka ba ya buƙatar izini. Wanda ya sassauta wa kansa kuwa, sau da yawa daga haƙƙin wani yake yankowa. Hadisin nan da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, na mutanen da suka yi ƙuri'a a kan wuraren zama a jirgin ruwa, na ƙasa suka so huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba, ya fito da asalin mas'alar fili. Wurin nasu ne, niyyarsu ma ba mugunta ba ce, amma ramin ba zai tsaya a rabonsu ba.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Ta farko daga bakin masu Apache ɗin kansu take fitowa. Takardun bayaninsu suna ba da shawarar a guji .htaccess matuƙar mutum yana da damar shiga babban fayil na saiti. Dalilinsu biyu ne. Idan aka buɗe wannan ƙofa, duk lokacin da baƙo ya nemi wani abu, sai Apache ya duba foldar da abin yake da duk foldojin da ke samanta, ko akwai fayil ɗin ko babu, wannan kuwa yana cin lokaci. Na biyu, barin mutane su sauya saiti yana nufin barin canje-canjen da mai kula ba shi da iko a kansu. Manhajar nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, ba ta ma san wani abu mai kama da .htaccess ba, kuma hakan bai hana ta zama ɗaya daga cikin manyan sabobin duniya ba. Amsata ita ce a lura da sharaɗin da ke cikin shawarar: matuƙar mutum yana da damar shiga babban fayil. Shawara ce ga wanda sabar take hannunsa, wanda shi ne na sama kuma shi ne na ƙasa. Ɗan haya ba shi da wannan dama. A cire masa .htaccess ba tare da an ba shi madadi ba, an mai da shi mai roƙo, ya aika saƙo ya zauna jiran ranar da za a waiwaye shi a kan layi ɗaya. Batun nauyi kuwa matsala ce ta fasaha wadda fasaha ta rage ta, domin .user.ini da ake karantawa sau ɗaya a minti biyar ya nuna ana iya ba da iko ba tare da an biya wannan farashi ba. Ko a ƙarƙashin nginx ma, .user.ini yana aiki, tunda PHP ne ke karanta shi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa yawancin masu shafuka ba su san abin da suke yi ba. Mutum ya ga kuskure a allonsa, ya kwafo layuka daga inda ya samu ya liƙa, ya kunna display_errors ya manta da shi a kunne, shafinsa ya riƙa tona wa duk mai wucewa sunayen foldoji da sirrin ginin ma'ajiyar bayanansa. Da a ce cutarwar a kansa kaɗai take tsayawa, da sai a ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To amma shafi yana da baƙi, kuma lambobin wayarsu da kalmomin sirrinsu suna ajiye a wurinsa. Tarihin register_globals ya isa shaida. Wannan saiti yana mai da duk abin da baƙo ya turo ya zama ƙima a cikin shirin kai tsaye, abin da ya buɗe wa masu kutse ƙofofi ba adadi. An kashe shi a matsayin asali tun PHP 4.2 a 2002, amma da yake ana iya kunna shi daga folda, masu tsofaffin shirye-shirye suka ci gaba da kunna shi da layi ɗaya a .htaccess, har sai da aka cire shi ɗungurungum a PHP 5.4 a 2012. Shekara goma ke nan ana barin zaɓi a hannun mutane a kan abin da wasu ke biyan kuɗin kuskurensa. Na yarda cire shi daidai ne, na kuma yarda an yi jinkiri. Amma wannan bai rushe ƙa'idar da nake karewa ba, aiki da ita ne. An ƙwace zaɓin ne saboda cutarwarsa tana tsallakawa kan baƙo. Ba a ƙwace zaɓin agogo ko na girman fayil ba, kuma jahilcin wasu ba ya zama hujjar ƙwace su daga kowa. Maganin jahilci koyarwa ne da kyakkyawan saiti na asali, ta yadda wanda bai taɓa komai ba zai kwana lafiya.

Akwai kuma inda tsarin PHP ɗin kansa ya saɓa wa ƙa'idar. Saitin memory_limit yana cikin waɗanda ake sauyawa daga ko'ina, har ana iya sa masa -1, wato babu iyaka. Ƙwaƙwalwar sabar kuwa ta kowa ce, wanda ya cinye ta ya durƙusar da maƙwabtansa. Mai adawa zai ce, ga shi nan, ko masu harshen ba su iya shata iyakar daidai ba, ina amfanin ƙa'idar da ba a iya aiwatarwa? Abin da wannan ya nuna a ganina shi ne katangar gaskiya ba a cikin harshen ya kamata a gina ta ba. PHP ya taɓa gwada haka da safe_mode, wanda aka yi don raba 'yan haya a sabar tarayya, daga baya masu shi suka amince cewa warware matsalar a matakin harshe kuskure ne a tsarin gini, suka cire shi a 2012. Hanyar da ta tsaya ita ce kowane shafi ya gudana da sunan mai amfani na daban, kamar yadda PHP-FPM ke ba da dama tun shigarsa cikin PHP a 2010, tsarin na'urar kuma ya yanka wa kowa rabonsa na ƙwaƙwalwa da ƙarfin aiki. Idan aka yi haka, wanda ya sa -1 kansa kaɗai zai kayar. Wannan yana juya nauyin zuwa inda ya dace. Mai ba da haya da ya ce ya hana gyara saiti don kare jama'a, sau da yawa yana rufe gazawarsa ce ta gina katanga. Gwargwadon ƙarfin rabewar da ya yi tsakanin 'yan haya, gwargwadon 'yancin da zai iya sakar musu ba tare da fargaba ba, kuma gina wannan rabewa yana cikin abin da ya karɓi kuɗi a kansa.

Ba na musun cewa ƙofa ɗaya ce mai gida da ɓarawo ke bi. Saitin auto_prepend_file, wanda ke sa a gudanar da wani fayil kafin kowane shiri, na matakin folda ne. Manhajar tsaro ta Wordfence tana amfani da shi don ta tsaya gaban WordPress ta tace masu shigowa, masu kutse kuma suna amfani da shi don dasa ƙofar baya a cikin .user.ini inda ba kowa ke dubawa ba. Amma wanda ya kai ga rubuta fayil a foldar mutum ya riga ya shiga, rufe saitin ba zai fitar da shi ba.

Saura batun sanarwa, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. A cikin Apache akwai umarnin AllowOverride, wanda ke faɗin abin da aka yarda .htaccess ya sauya. Da can asalinsa a buɗe yake, sai aka mai da shi None daga fitowa ta 2.3.9, a 2010, aka ci gaba da haka a jerin 2.4. Idan yana kan None, Apache ba ya ƙorafi, ba ya gargaɗi, ba ya ma buɗe fayil ɗin. A watan Oktoba na 2018, Larry Cashdollar, mai binciken tsaro a kamfanin Akamai, ya gano cewa jQuery File Upload, wata manhajar ɗora fayiloli da dubban ayyuka suka kwafa, ta dogara ne da .htaccess wajen hana a gudanar da fayilolin da baƙi suka ɗora. A kan duk sabar da ta bi sabon asalin, wannan kariya ta zama rubutu kawai, mai kutse yana iya ɗora shirin PHP ya gudanar da shi, kuma haka abin ya kasance shekara da shekaru. Mai manhajar ya rubuta dokar da ta dace a wurin da ya saba, masu Apache sun yi sauyi da niyyar ƙara tsaro, amma tsakanin kyawawan niyyoyin biyu sai rami ya buɗe, domin an janye iko ba tare da wanda ke dogara da shi ya ji a jikinsa ba. Malaman usulu sun kafa hujja da labarin mutanen Ƙuba, waɗanda labarin sauya alƙibla ya iske su suna cikin sallar asuba suka juya a inda suke, a kan cewa hukunci ba ya hawa kan mutum sai ya iso masa. Idan haka ne, wanda ya sauya hukunci yana da nauyin isar da shi, kuma rubuta shi a takardar canje-canje da ƙalilan ke karantawa bai kai a kira shi isarwa ba.

Shi ya sa nake ganin kuskuren nan mai lamba 500, wanda ke bayyana idan mutum ya rubuta php_value a .htaccess a kan sabar da PHP ba ya cikin Apache, ya fi shiru mutunci. Shafin ya tsaya cak, mai shi ya ji haushi, amma ya san an ƙi umarninsa, ya tashi neman hanyar da ta dace. Wanda ya rubuta saiti a .user.ini a kan sabar da ba ta karanta shi, ko ya sa ƙimar da aka ɗaure daga sama, ba ya samun ko wannan. PHP yana da shafin bayani na phpinfo da ke jera kowane saiti a layi biyu, ƙimar wurin da ƙimar asali, kuma mai shafi yana iya gane ko gyaransa ya kama ta hanyar kwatanta su. Sai dai wannan ya ɗora wa na ƙasa aikin gano iyakar da na sama ya shata. Kamfanin da ke ba da hayar wuri yana da jerin abin da ya ɗaure da abin da ya saki, ya san ko PHP ɗinsa na cikin Apache ne ko a gefe yake, ya san ranar da zai sauya daga wannan zuwa wancan. Bai wa ɗan haya wannan jeri tun ranar da ya biya, da aika masa saƙo kafin a taɓa AllowOverride ko a sauya yadda PHP ke gudana, aiki ne na 'yan mintuna a wurin kamfanin, a wurin mai shafi kuwa shi ne bambanci tsakanin kariyar da ke aiki da wadda yake zaton tana aiki.